Tabo Shida a Bayan Don Tiburcio

Ran Litinin aka fara gani a jikin Don Tiburcio: tabo shida a gadon baya, jajaye, kowanne a zagaye. Kafin Laraba an ga irinsu a jikin wasu tsofaffi biyu. Duka ukun kuwa Casilda ce ke musu wanka. Shugabar gidan tsofaffin ba ta tsaya dogon zance ba, ta ce in Juma'a ta yi ba a gano kan abin ba, Casilda ta tattara nata ya nata, sauran bayani a gaban 'yan sanda.

Herminia, babbar nas, ita aka ɗora wa binciken. Shekara tara suna aiki tare, ba ta taɓa jin Casilda ta ɗaga wa tsoho murya ba. Ta fara da mai tabon.

"Sauro ne, 'yata," in ji Don Tiburcio.

"Sauro mai girman bakin kofi?"

"Ai na garin nan namu, Oaxaca, a ƙoshe suke."

Sauran biyun ma kowa da irin tasa ƙaryar. Abin da ya tsaya mata a rai, wanda aka daka ba ya wannan fara'ar.

Ran Alhamis bayan abincin rana, ma'aikata na ɗan miƙe ƙafa, ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar Doña Eufrosina, wata tsohuwa mazauniyar gidan, ta ji warin kyandir, ta tura. Ga Don Tiburcio rub da ciki. Tsohuwar ta ɗora masa kwabo a baya, ta dasa guntun kyandir a kai, ta kife da kofin gilashi. Wutar ta mutu, fata ta kumburo cikin kofin. Haka ake zuƙe wa mai tari iska a ƙauyensu.

"Rufe ƙofar, kina shigo masa da wata iskar," in ji Doña Eufrosina.

"Kaka, kin san saboda wannan za a kori Casilda gobe?"

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ashe ba wanda ya gaya musu. Su dai tsofaffin ukun sun rufa mata asiri ne don an hana kunna wuta a ɗaki.

"Casilda mai taje mini kai? Kai Tiburcio, tsohon banza, ka sani?"

"Na rantse da Budurwa Maryamu ban sani ba!"

Tsohuwar ta ciccire kofunan, ta zuba a aljihun zanen aikinta, ta lalubo sandarta.

"Tashi. Bar rigar nan, a haka shugaba za ta gan ka."

Herminia ta bi su a baya har ofishin shugaba. An ƙwace kyandirorin, an yi wa tsohuwar faɗa, ta saurara tana kallon taga.

Ran Juma'a da safe Casilda ta zo, ta ɗaura zanen aiki, ta ɗora ruwan wanka.