Ka Je Ka Huta

Tun ranar da aka sayar da kamfanin da maigidana yake wa aiki, gabana yake faɗuwa. Maigidana ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa motar kai saƙo, daga wannan ƙofa zuwa waccan, kwali a kafaɗa. Abokan aikinsa Sa-hannu suke ce masa, don ko gaisuwa ba ka gama ba ya miƙo maka biro. Tsohon mai kamfanin ya gaji ya sayar, sababbi suka zo da kwamfutocinsu da murmushinsu, suka shiga rage ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na san in aka raba mutumin nan da motar nan, an gama da shi. Ba shi da majalisa, ba shi da aboki sai sitiyari.

Shi ko a jikinsa. "Wa zai taɓa ni? Tare da ni aka kafa allon ƙofar."

Akwai kuma maganar teku. Tun muna ango da amarya ya yi mini alkawarin zai kai ni bakin teku, irin mai farin yashi da bishiyar kwakwa ta sunkuyo kan ruwa. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Baɗin nan har ta yi furfura tare da mu. Da sababbin suka zo na ce masa, "Baban yara, je ka nemi hutunka tun kafin su gama sanin kan wurin."

Ya je. Rana tsaka sai ga shi ya dawo a ƙafa, yana dariya har da haki.

"Tashi ki haɗa kaya, 'yar tsohuwa! Ban ma rufe baki ba sabon manajan ya ce, 'Baba, ka yi wa kamfanin nan ƙoƙari. Lokaci ya yi da za ka je ka huta.' Na ce zuwa yaushe? Ya ce kada wannan ya dame ni, sauran bayani za su turo ta waya. Da hannu biyu ya karɓi makullin, har ƙofa ya rako ni. Yaro mai tarbiyya!"

Maganar ba ta kwanta mini ba, amma na ce a bar kaza cikin gashinta. Ban taɓa ganinsa da irin wannan fara'a ba. Waya kuwa, in ba kira ba, babu abin da yake yi da ita.

Kai, mun sha shiri! 'Yarmu ta zo tana nuna mana hotunan masauki, muna musu kamar yara: ni ina son ɗaki mai kallon ruwa, shi yana cewa ruwan da za mu wuni a gabansa, me ya sa za mu kwana muna kallonsa? Ya sayo gajeren wando mai furanni, ya gwada a tsakiyar falo, ƙafafun nan kamar sandar tsintsiya, na yi dariya har da hawaye. Ya tambayi 'yarmu ko da gaske ruwan gishiri ne. Ya ce shi ba zai shiga ba, zai dai tsaya a baki ya ga inda hanya take ƙarewa, tunda duk tuƙinsa bai taɓa kaiwa can ba.

Ran nan na fita neman takalmin roba, shagon kuwa kusa da ofishinsu yake, na ce bari in leƙa in gaida mutane. An sake wa motocin fenti. Tasa ma na gane ta ne da lotsawar da ke ƙofar baya. Wani ƙato ne a ciki, ya tura kujerar direba baya, yana cin gyaɗa yana zubar da ɓawo a ƙasa.

Matar da ke zama a teburin karɓar kaya, wadda suka daɗe tare da maigidana, ta zagayo ta riƙe mini hannu.

"Yaya, sannu da haƙuri. Ya Baba ya ɗauki abin?"

"Wane abu?"

Ta dube ni, ta dubi ledar takalmin da ke hannuna, ta rufe baki da tafi. "Innalillahi. Bai gane ba? Yaya, sallamarsa aka yi. Haka manajan yake gaya wa duk tsofaffin ma'aikata, wai don kada ransu ya ɓaci."

Wai don kada ransu ya ɓaci! Da ya zage shi ma ya fi. Na so in shiga in ci kwalar yaron nan, amma ban shiga ba. Na tsaya ina kallon kwalaye suna wucewa, kowanne da inda za shi. Baƙin ciki ya cika ni har ban san yadda na hau mota ba.

Na tarar da shi zaune a ƙasa gaban akwati, yana naɗe riguna yadda yake shirya kaya a mota, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

"Na yi tunani," in ji shi, bai ɗago ba. "Kada mu daɗe. Ƙarshen wata saƙo yake yawa, kar in bar su da wahala, sun yi mini kirki."

"Baban yara."

"Na'am."

"Ba hutu suka ba ka ba. Sallamarka suka yi. Sun ba wani motar."

Ya yi dariya kaɗan. "Haba. Cewa ya yi in je in huta."

"Haka ya ce."

Na ga bakinsa yana maimaita maganar a hankali, ba sauti, har ta isa inda za ta isa. Hannunsa ya tsaya a kan rigar. Ni kuma tsoro ya sa na hau surutu: na ce ko sun ƙi ko sun so sai mun je, an riga an kama ɗaki, teku ba ta ubansu ba ce, ai yanzu ma muka samu lokaci.

"Hutu ai na mai aiki ne," in ji shi.

"Za mu je, wallahi za mu je."

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa a bushe.

"To mun je, mun dawo. Ranar Litinin ina za ni?"