Tsumman Goge Ɗaki

Maigidan ya shiga zauren baje kolin yana cin magani. Shi ne fa mai zane a gidan. Tun yana saurayi yake zana fuskokin manya, ko gashin gira ba ya tsallakewa, amma ba a taɓa ba shi ko kusurwa a zauren nan ba. Yau ga matarsa an sakar mata bangon duka.

Kuma wane irin zane! Ba fuska, ba itace, ba ko kaza, sai launuka a cakuɗe. Ko buroshi ba ta taɓawa. Takan shimfiɗa farin yadi a ƙasa, ta durƙusa, ta tsoma tsumman goge ɗaki a bokitin fenti, ta yi ta shafawa tana ja da baya. Wai aikin mata kullum bushewa yake ba wanda ya gani, nata kuwa ta rantse sai an tsaya an kalle shi.

Ga shi kuwa an tsaya, har da masu riƙe haɓa. Kishi ya kama maigidan, bawan Allah. Abu ɗaya ya rage masa: idan an tambaye ta inda ta koya, ta ambace shi a gaban jama'a. Ai a ɗakin aikinsa ta fara jin warin fenti.

Wata 'yar jarida ta yi tambayar. Matar ta ambaci kakarta, ta ambaci mahaifiyarta, har da wata mai shara da ta taɓa gani a asibiti. Mai shara! Ya yi gyaran murya har sau biyu, sai 'yar jaridar ta waigo ta ce, maigida fa?

Matar ta dube shi ba tare da wani ɗaci ba.

"Ai Baban yara ne babban malamina. Kullum ya gama zane sai ya fita ya bar fenti a ƙasa, ni ke durƙusawa in goge. A ƙarƙashin tsummana na fara ganin yadda ja ke shiga shuɗi."

Zaure ya ɗauki tafi, wani ma ya zo ya ba shi hannu yana taya shi murna. Ya ɗaga kai ya dubi babban zanen, ya gane shuɗin nan, nasa ne, shi ya saba haɗa shi. Ya yi ta ƙoƙarin tuna ranar da ya taɓa ganin ta durƙushe a ɗakin, ya kasa. Abin da ya sani kawai, kullum da safe yakan tarar da daɓen tas.