Ƙofar da Ban Buɗe Ba

"Tela, don Allah buɗe min. Tela!"

Ina zaune a kan benci a bakin ɗakinsa da rana tsaka, makullin yana aljihuna. Mai Fenti ne ke dukan ƙofa da tafin hannu, maƙwabcina, shekara tara ɗakinsa na jikin nawa. Kwanansa uku ke nan bai sa giya a baki ba.

"Yi haƙuri, yaya," na ce. "Kai da bakinka ka ce ko kuka ka yi kada in buɗe."

"Ƙwari ne a bango. Ga su nan suna hawa ƙafata!"

"Babu komai a bangon nan sai fentin da ka shafa da hannunka."

Mu biyar ne muke haɗuwa bayan shagon Kafinta duk yamma, dukanmu tsofaffin mashaya. 'Yan unguwa na kiran mu majalisar tubabbu, su yi ta dariya. Oho, su suka sani. Tsarinmu ɗaya ne: sabon shiga a kulle shi a ɗaki kwana bakwai, da ruwa da abinci da bokiti, a riƙa gadin ƙofa bi da bi. Haka aka yi wa Kafinta, haka aka yi min wata huɗu da suka wuce. Na zagi kowa tas, na yi amai kamar hanjina zai fito, amma na fito da raina. Shi ya sa nake ganin na san kan abin. Kaico!

Mai Fenti da ƙafarsa ya zo mana. 'Yarsa ta haihu, ta aiko masa cewa ba zai ɗauki jaririn ba sai ya yi mako cur babu wari a bakinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana karya kumallo da kwalba, ya durƙusa gabanmu yana hawaye.

"Tela." Muryar ta yi ƙasa. "Cikin murfi ɗaya kawai. Jikin nan ba nawa ba ne."

Na kira Kafinta a waya. Ina jin ƙarar zarto a bayansa.

"Rawar jiki ce," in ji shi. "Rana ta uku ita ce mai wuya. In ka buɗe, ka cuce shi."

"Baba, muryarsa ta canza fa."

"Taka ba ta canza ba? Ka manta ranar da ka ce keken ɗinkinka na zagin ka? Riƙe ƙofa, malam."

Na riƙe. Wallahi da zuciya ɗaya na riƙe, ina ganin taimakonsa nake. Na ɗauko rigar da nake sa wa maɓalli na ci gaba, ina yi masa hirar banza ta jikin ƙofa. Can na ji bokiti ya kife. Sai wani bugu, dum, dum, dum, kamar ana kakkaɓe katifa. Daga nan shiru.

Na ce barci ya ɗauke shi. Har daɗi na ji. Sai da na gama maɓallan nan shida sannan na leƙa ta taga.

Yana kwance tsakanin gado da gwangwanayen fenti, kumfa a baki, ya datse harshensa. Da ƙyar na zura makulli a kwaɗo. Ihu nake, ban ma san ina yi ba.

Kafin mu isa asibiti ya cika. Likitar, wata mace mai tabarau, ta tambaye ni yaushe rabonsa da sha. Na faɗa mata, har da ɗan alfahari, ku ji wauta.

"Farat ɗaya kuka yanke masa? Ba magani, ba likita?" Ta cire tabarau. "Mai sha irin nasa, hakan na iya kashe shi. Da jiya kuka kawo shi..."

Ba ta ƙarasa ba. Kafinta, da ya biyo mu asibitin, ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa, babban mutum da furfurarsa, yana ta maimaitawa, "Ni ma haka aka yi min. Haka aka yi min."

Washegari da hantsi 'yar ta iso da goyo, an riga an kai shi. Na kasa haɗa ido da ita.

"Kawu, a buge ya rasu?"

"Ko ɗigo, 'yata. Kwana uku, ko ɗigo. Ni ne a bakin ƙofa. Ya roƙe ni, ban buɗe ba."



"Ni fa don in tsorata shi na ce mako," ta ce. "Ko a buge ya zo, ai zan miƙa masa."

Ta kwance goyon ta shiga ɗakin. Ta kwantar da jaririn a kan gado, daidai inda kan kakansa ya lotsa matashi. Yaron ya yi miƙa, ya ci gaba da barcinsa.