Bangon da Baba Fenti Ya Kankare

Duk wanda ya taɓa buɗe shago a layin nan ya san hannun Baba Fenti. Shi ne mai zana kawuna da sabon aski a allon mai aski, da kifi mai murmushi a bangon mai kifi, da mace mai dogon wuya da ɗan tabo a kumatu a ƙofar duk wata mai kitso. Mutane na tsokanarsa cewa matan da yake zanawa duk 'yan ɗaki ɗaya ne, shi kuwa ba ya musu. Fuskar matarsa ce, ita yake zanawa tun tana raye har bayan ta rasu.

Sai inji ya zo. Yanzu mai shago zai aika hoto ta waya, kafin la'asar a buga masa a jikin leda, a kafa da ƙusa. Baba Fenti ya koma shafa wa gidajen haya fenti, fari ko ruwan madara. Ga shi kuma hannun damansa ya fara wata rawa da safe, sai rana ta ɗaga yake lafawa.

Ana cikin haka Auta ta kira. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana koyarwa a wani gari.

“Baba, ka zauna tukuna in gaya maka. Akwai wata gidauniya da ke tallafa wa masu zane na Afirka. Na tura musu hoton aikinka, kuma ka shiga cikin 'yan kaɗan da suka rage.”

“Ni? Da tsufana?”

“Kai fa. Wanda suka ɗauka za su ba shi ɗaki mai haske, da yadin zane, da fenti, ya yi wata da watanni yana zana abin da ransa ke so, sannan a nuna wa duniya. Amma sai wakiliyarsu ta zo ta ga aikin da idonta, don wasu na turo na mutane su ce nasu ne. Tare za mu zo da ita ƙarshen mako.”

Ya ce mata yaran zamani ba su da aikin yi, ya kashe wayar. Amma gaskiyar magana yana so. Yana so har abin ya ba shi kunya. Tunda ya fara riƙe buroshi bai taɓa zana abin da ba wani ne ya ce a zana ba, kuma ya san hannun nan ba zai jira shi ba. In wannan ta wuce, babu wata.

Washegari ya ɗauki kekensa ya fita duba ayyukansa, don ya san inda zai kai baƙuwa. Ya fara da mai aski. A inda allonsa yake, yanzu wata leda ce mai sheƙi ɗauke da samarin da ko a mafarki ba su taɓa shiga shagon ba.

“Allonka? Ai Baba, ya yi mana amfani sosai,” in ji mai aski, yana kaɗa almakashi. “Uwargida ta rufe kejin kaji da shi. Damina ce dai ta ga bayansa.”

Shagon kifi ya zama shagon waya, wani kamfani ya shafe bangon kaf da launinsa, ko jelar kifin ba a bari ba. Motocin haya da ya yi wa ado a baya, an sayar da wasu, wasu sun zama ƙarfen awo. Da ya isa shagon kitso na bakin kwana, inda ya yi macen da ta fi kowace kyau, sai ya tarar da kantin magani mai farin bango sumul. Ya tsaya yana jin haushin wanda ya yi wannan aiki, kafin ya tuna cewa shi ne, bara, kuma har an yaba masa. Ya turo kekensa gida, ko hawa bai yi ba.

A tsakar gidan, kusa da famfo, akwai wani bango. A nan yake goge buroshi tun yana saurayi, a nan yake gwada launi, a nan yake fara fitar da fuska kafin ya kai ta allon mutane. Shekaru sun hau kan shekaru, ja a kan shuɗi, kan ɗan aski na leƙowa ta bayan kifi, rabin mota, hannun da ba shi da jiki. A tsakiya kuwa matarsa ce, sau da yawa, tana amarya a nan, ga ta can ta fara manyanta. Shi dai a wajensa bola ce a tsaye. Akwai ranar da ya kama Auta tana ɗaukar bangon a waya, ya yi mata tas, ya ce kada ta kuskura ta nuna wa mutane ƙazantarsa.

Ya zauna a kan gwangwanin fenti yana kallon bangon. Babu aikin nunawa a gari, wannan ya tabbata. To, zai yi sabon allo ko da ɗaya ne. Kuma ko ba komai, babbar baƙuwa ba za ta shigo gidan mai fenti ta tarar da bango kamar an yi ɓarin miya ba.

Shi kuma ba ya aikin algus. Maigidan da ya koya masa sana'a ba ya barin a ɗora fenti a kan fenti. Sai an kankare tsohon har a kai filasta, a bi da samfefa, a wanke, ya bushe, sannan a shafa. Haka ya yi. Ya kafa tsani, ya ɗauki ƙarfen kankare fenti, ya fara daga sama, ɓawon fenti na zubowa kala-kala a kan takalminsa. Da ya zo kan fuskar matarsa ya dakata, ƙarfen a hannu.

“Ki yi haƙuri,” ya ce a hankali. “In baƙuwa ta tafi zan maido ki.”

Bai ga abin damuwa ba. Fuskar da ya zana sau ba adadi, ai ko ido a rufe zai fitar da ita.

Yayarsa, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta fi kowa murna. Ita ta share ɓawon ta cika buhu, ta miƙa wa masu kwasar shara da hannunta.

“Yau dai gidan nan ya zama gidan mutane,” ta ce. “Ashe sai an ce baƙo zai zo kake jin magana.”

Ranar da aka sa, bangon na ɗaukar ido don fari. Baba Fenti ya sa rigarsa da ba ta taɓa ganin fenti ba, ya jingina sabon allon mai aski a inda za a gani. Auta ce ta fara shigowa, tana dariya, tana jan baƙuwar da surutu. Wata mata ce mai matsakaicin shekaru, da gilashi da jaka a kafaɗa. Ko gaisuwa ba su gama ba Auta ta nufi wajen famfo da ita, sai ta ja ta tsaya cak.

“Baba, ina bangon?”

“Ga shi nan kuwa. Na gyara shi.”

Auta ta dafa famfo. Baƙuwar ta dubi uban, ta dubi 'yar, sannan ta ciro waya daga jaka ta miƙa masa.

“Baba, wannan ne aikin da aka turo mana. Saboda shi na zo.”

Ya karɓa, ya ɗan nesanta wayar da idonsa. Bangonsa ne, ya ƙanƙance ya shige tafin hannu. Bai taɓa ganinsa gaba ɗaya haka ba, kullum yana kusa da shi da buroshi a hannu. Launukan sun zauna da juna, fuskokin kamar jama'a a kasuwa, kowa da inda ya dosa. Yana da kyau. Sai yanzu ya ga yana da kyau, kuma ganin ya fi komai ciwo.

“Kada hankalinka ya tashi tukuna,” in ji baƙuwar. “In shafawa kawai ka yi a kai, muna da masu iya ɗaga fentin sama ba tare da na ƙasa ya lalace ba.”

“Ranki ya daɗe,” ya ce, “ni ba na ɗora fenti a kan fenti. Sai da na kai filasta.”

Auta ba ta yarda ba. Ta sa farce ta kankari gefen bangon, farin ya ɗaye, siminti ya bayyana. Ta koma wani wajen ta sake, siminti ne dai. Aikin Baba Fenti ba ya da makusa.

Baƙuwar mutuniyar kirki ce. Ta sha ruwan da Gwaggo ta kawo, ta duba sabon allon ta ce masha Allah. Ta ce ƙa'ida ce sai ta shaida aikin yana nan, amma za ta yi wa kwamiti bayani, ba ta dai yi alkawari ba. Baba Fenti ya san wannan muryar. Da ita masu shago ke ce masa za su neme shi.

Bayan ta tafi, Auta ta zauna a bakin famfo tana kuka.

“Da na gaya maka bangon na tura, ai hana ni za ka yi.”

“Da na hana ki,” ya ce. Ba shi da wanda zai ɗora wa laifi, ita ma ba ta da shi.

Da rana ta yi sanyi ya tuna alkawarin da ya yi wa matarsa. Ya cire rigar, ya haɗa launi, ya tsaya gaban farin bangon. Ya ja wuya, ya ja haɓa, ya fitar da hanci. Mace ce ta fito, kyakkyawa ma, amma ba ita ba ce. Ya goge ya sake, aka samu wata matar daban. A nan ya gane cewa duk shekarun nan ba daga ka yake zana ta ba. Kullum kafin ya fita aiki sai ya kalli bangon, ko da wucewa ne zuwa famfo.

“Auta, ba ni hoton nan.”

Ta buɗe masa. A cikin hoton fuskar ba ta kai farce ba. Ta sa yatsu ta buɗa ta, sai ta watse ta zama dishi-dishi, ido da kumatu duk suka haɗe.

“Yaya,” ya kira Gwaggo, bai juyo ba, “tabon nan na kumatunta, a dama yake ko a hagu?”

“A dama mana.”

“A hagu ne, Gwaggo,” in ji Auta. “Ina jin dai a hagu ne.”

Baba Fenti ya ɗaga buroshin, ya kai shi kumatun dama, ya dawo da shi na hagu, bai taɓa ko ɗaya ba. Gwaggo ta shiga ɗaki, Auta ta bi ta. Yana nan tsaye har fentin ya bushe a bakin buroshin.