Fuskar Ungozoma a Bango

"Ba zan shafe ba, ranki ya daɗe."

Shugabar gandirobobi ta tsaya da makullai a hannu kamar ba ta ji da kyau ba. Bokitin farar ƙasa na ajiye a tsakaninsu, buroshi tsome a ciki. Matan ɓangaren masu jiran kisa suka yi tsit. Har Goggo, tsohuwar da tari ba ya raga mata, ta haɗiye nata.

"Ke Mai Zane, gobe da safe kwamitin afuwa zai shigo nan," in ji Shugaba. "Ni za su tambaya halin kowa. Da bakin nan nawa ana iya mayar miki da igiya ta koma ɗaurin rai da rai. Kin gane, ko sai na zana miki?"

"Na gane."

"To ɗauki buroshi."

Mai Zane ta mai da hannuwanta baya. Ta dubi bangon.

Ba a barin madubi a wannan ɓangare, saboda gilashi makami ne. Mace sai ta shekara ba ta ga fuskarta ba. Shi ya sa da Mai Zane ta fara tsintar gawayi a bayan kicin tana zana fuskokinsu a jikin bango, sai suka riƙa bin layi kamar masu karɓar magani. Takan niƙa gawayin da gindin cokali, ta kwaɓa da man shafawar da danginsu ke kawo musu, ta ƙara garin jan bulo don kumatu.

Kowa ya san abin da ya kawo ta. Cikin fushi ta cinna wa shagon tsohon maigidanta wuta, ba ta san maigadi na kwance a ciki ba. Kullum tana wuce mutumin a bakin ƙofa, amma da aka tambaye ta a kotu, ko kamanninsa ba ta iya faɗi ba. Fuskarsa ta fara ƙoƙarin zanawa a bangon, ta kasa. Tun daga ranar ta daina wuce fuska ba ta dube ta ba.

A tsakiyar bangon kuwa akwai fuskar Ungozoma, wata 'yar ɗakinsu, da wushiryarta da tabon da ke gefen girarta. Watan jiya aka fita da ita, ba ta dawo ba, kuma babu wanda ya zo neman ko ɗankwalinta. Ranar da ta zauna aka zana ta, sai da ta yi ta tsiya.

"Ƙanwata, rage min hancin nan mana, ai ba tukunya ba ne." Can kuma ta rage murya. "Idan sun tafi da ni, kar ki shafe ni. Ba ni da hoto a ko'ina."

Shugaba ce ta riƙe hannun Ungozoma a safiyar da aka fita da ita har ƙarshen baranda. Tun daga lokacin, in ta shigo ɗakin, takan tsaya ne ta ba bangon baya.

"Na ba ki zuwa yamma," ta ce, ta ja ƙofa.

Ana jin ƙarar makulli Goggo ta taso wa Mai Zane.

"'Yar nan, kanki ɗaya kuwa? Ba ke kika ce mana farar ƙasa ba ta kama wurin da mai ya taɓa ba? Shafe musu! In ya bushe za ta sake fitowa da hancinta da komai."

"Na sani, Goggo."

"To mene ne na taurin kai? Ke da ke da 'ya a waje! Mu dai mun tsufa, igiyar ma ta gaji da jiranmu."

Maganar 'yar ta soke ta. Yarinyar ta fara zuwa makaranta, kuma duk ziyara sai ta tura yatsunta ta cikin waya ta ce, "Umma, yaushe za ki taho?" Mai ɗaurin rai da rai ana barinta ta rungumi ɗanta a ɗakin ziyara. Mai jiran kisa sai dai ta waya.

Ta durƙusa gaban bokitin. Ta kama buroshin, ta ɗaga, farin ruwa na ɗiga a yatsun ƙafarta. Ta kai shi dab da goshin Ungozoma, har tana jin numfashin matan a bayanta.

Idon ne ya tsayar da ita. Sai da ta yi kwanaki tana gyara idon nan kafin Ungozoma ta yarda cewa nata ne.

Ta mayar da buroshin cikin bokiti.

"Su shafe da hannunsu," ta ce. "Ni Ungozoma ta roƙa."

Goggo ta buɗe baki, tari ya riga ta.

Da yamma Shugaba ta dawo, ta ga bango yadda ta bar shi. Ta aika aka kirawo mai fentin gidan, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya yana kawar da kai. Matan na zaune jikin ɗaya bangon, suna kallo ana shafe su.

Da gari ya waye, ɗakin fari tas, sai warin farar ƙasa. Amma kafin hantsi ya ɗaga, bangon ya fara bushewa, inuwoyi suka fara tasowa. Gira ta fito, sai hanci. Mai Zane na tsaye a layi cikin wankakkun kaya, tana jin takun baƙi na matsowa.

Shugaban kwamitin dattijo ne mai tabarau. Ya tsaya, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wace ce wannan a bango?"

Mai Zane ta ce, "Ungozoma ce, ranka ya daɗe. A nan take kwana."

Dattijon ya daɗe yana kallon fuskar. Sannan ya juya ga Shugaba, ya nuna Mai Zane da haɓa.

"Ita fa, yaya halinta?"

"Ba ta bin umarni," in ji Shugaba, idonta a ƙasa.

Ya gyaɗa kai, suka wuce ɗaki na gaba.

An sassauta wa Goggo da wata mai ciwon ƙafa. Goggo ta fita tana kuka tana zagin Mai Zane da sunan uwarta. An hana shigo da man shafawa ɓangaren, an kuma sa gandiroba a bayan kicin saboda gawayi.

Ungozoma tana nan a bango, dishi-dishi, wushiryar ma ana gani. Mai Zane kuwa hukuncinta bai canza ba. Duk safiyar da aka ji makulli kafin lokacin abinci, sai ta miƙe zaune tana sauraron inda takun zai tsaya. Ranar ziyara kuma ta waya take taɓa yatsun 'yarta, ba za ta rungume ta ba.