Saniyar da Nata'ala Ya Zaɓa

Nata'ala mai sayar da langa da tasoshi a unguwar Dubeli ta Jimeta bai taɓa yi wa kowa alheri da gangan ba. In maƙwabta suka aiko ɗiban wuta, sai ya bi garwashin da kallo har ƙofar gida. Amma a shekarar da aka ce Yola ta koma ƙarƙashin Maiduguri, a sabuwar Jihar Arewa maso Gabas, sai ga bawan Allah ya kamu da ciwon taimakon tsofaffi.

Maƙwabcinsa Mika'ilu tela ne ya jawo. Wani dattijon Bafulatani ya yanke jiki ya faɗi a bakin kasuwar Jimeta, Mika'ilu ya kwashe shi zuwa zaurensa, ya yi jinyarsa da kunu da romo har ya miƙe. Da damina ta wuce sai ga dattijo riƙe da igiyar karsana ya kawo wa Mika'ilu. Aro ne irin na Fulani: za ka riƙe saniya ka ciyar da ita, ba sayarwa ba yanka, in ta haihu 'ya'yan naka ne, sannan ka mayar wa mai ita uwar. Wanda ya ci amanar irin wannan aro, ko sallamarsa ba a ƙara amsawa daga Jimeta har cikin Yola.

Duk kukan da karsanar nan ta yi ta bayan danga, a ƙirjin Nata'ala yake sauka. Tela guda, mai ɗinka wandunan 'yan makaranta, zai zama mai shanu, shi kuwa yana nan da tasoshi. Abinci ma ya daina wucewa.

Matarsa Hansai ta ce, "Malam, me na tada hankali? Ko a tatsuniya haka take. Yarinyar kirki ta cuɗa wa tsohuwa baya a rafi ta dawo da dukiya, mai haɗama ta bi sahu ta dawo da masifa."

Ita wa'azi take yi masa. Shi kuwa gogan naka hanyar kasuwanci ya ji. Ya tuna tatsuniyar tun daga bakin kakarsa, har da inda mai haɗamar ta yi wauta: tsohuwa ta ajiye mata ƙwarya babba da ƙarama, ta wawuri babbar. To, shi ya san amsa tun kafin a yi tambaya. Abin da ya rage ya samo tsohuwa mai shanu.

Nema bai zo da sauƙi ba. Ta farko da ya kama wa ɗaurin itace a hanyar Gwadabawa ihun ɓarawo ta yi masa. Ta biyu ya goya ta a keke har bakin kogin Binuwai, ta sauka ta sa masa albarka iya albarka, ya bincika ya tarar ko kaza ba ta da ita. Ranar ya dawo gida yana tsaki, ya ce wa Hansai tsofaffin yanzu ba su da tsari.

Sai Allah ya haɗa shi da Goggo Sabuwa, wata gwauruwa daga unguwar Mbamoi ta cikin Yola mai kawo man shanu kasuwa. Kafin ya ɗaga mata ko faifai sai da ya tabbatar mijinta ya bar mata shanu. Daga nan fa alheri ya ɓarke. Ya mayar da ita Mbamoi a keke, yana haki a kan tudu. Ya kai mata langa mai fure, abin da bai taɓa ba uwar 'ya'yansa ba. Ya hau ɗakinta ya yi mata baibaya, ya sauko da ƙaiƙayi. Bayan ne kawai bai cuɗa ba, shi ma don kunya.

Goggo tana karɓa tana godiya, ba ta tambayi dalili ba. Wata ranar Juma'a ta ce, "Ɗana, ka wahala da ni. Zo ka zaɓi saniya ka riƙe."

Ta kai shi garke. Ga wata ja, ƙatuwa, ciki ya yi gaba, fata tana sheƙi. Ga wata kuma can gefe, 'yar firit, fara, haƙarƙari a waje, tana tsaye kamar mai jiran a ba ta haƙuri. Zuciyar Nata'ala ta yi tsalle ta faɗa kan jar. Ya danne ta da ƙyar, ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ya nuna farar.

"Goggo, ni ba mai haɗama ba ne. Wannan ƙaramar ta ishe ni."

Goggo ta dube shi, ta ce da Hausarta ta mutanen Yola, "A'a, ɗana. Wannan ya tsufa. Ɗauki jan, ya kusa haihuwa."

Ga jarrabawar ta zo, in ji shi a ransa. Ya ƙara dagewa. Ta sake cewa ya ɗauki jar, har ta kamo igiyarta ta miƙa masa, ya mayar da hannuwansa baya kamar an miƙo masa wuta. Nata'ala ɗan jikan fatake, wanda zai gane tasa mai tsaga daga ƙararta, bai san ana buɗe bakin saniya a dubi haƙora ba. Da ya buɗa, da bai sami abin dubawa da yawa ba.

Goggo ta kira dattawan unguwa suka shaida. Ta rungume wuyan farar tana hawaye, ta ce da ita aka kawo ta gidan miji, kuma tun rani take tunanin yadda za ta ciyar da ita, ga shi ba ta iya kai ta mahauta. Nata'ala ya ji duk wannan, ya ɗauka yana cikin tsarin jarrabawa.

Ya jawo ta zuwa Dubeli, tafiyar da ta cinye wuni saboda hutun da take yi a kowace inuwa. Ya ɗaure ta ya zauna jiran abin al'ajabi. Abin al'ajabin da ya gani shi ne cinta. Ciyawa mai tauri ba ta iya tauna ta, sai dusa jiƙaƙƙiya da kanwa, sai ɗanyar ciyawar burgu da yake yankowa a bakin kogi da sassafe kafin ya buɗe shago. Ya kai ta wajen bijimi, makiyayin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce wannan rabonta da haihuwa tun kafin a ba da mulkin kai.

Nan ne gaskiya ta sauko masa har tafin ƙafa. Ba za ta haihu ba, kuma sai ta haihu ake mayarwa. Sayarwa babu, yanka babu, ga shaidu a Mbamoi. Ya tuntuɓi Hansai ko akwai wata dabara a ƙarshen tatsuniyar da ya manta, ta ce iyakarta ke nan, ta ci gaba da tankaɗe.

Da kaka karsanar Mika'ilu ta haifi maraƙi, aka aiko wa gidan Nata'ala da ƙwaryar madara. A makon ne Goggo Sabuwa ta zo ganin farar. Ta tarar ta yi ɓul-ɓul, haƙarƙari sun ɓace. Ta shafa ta, ta shafa ta, ta ce wallahi da irin wannan kulawa za ta daɗe a duniya.

"Ɗana, ban taɓa ganin mai tausayin tsofaffi kamarka ba. Na ba da labarinka a Mbamoi duka."

Nata'ala ya raka ta zaure. A ƙofar gida ya tarar da wani dattijo da bai sani ba, tsaye yana murmushi, riƙe da igiyar wata baƙar saniya mai ido ɗaya.