Kwanon da Ba Barkono

Ranar da Barira ta fita takaba ba ta ji wani nauyi ya sauka daga kanta ba. Ta yi wanka, ta sake zani, matan Kagarawal suka shigo yi mata barka, tana amsawa kamar da bakin wata.

Washegari ɗanta na fari, Rufa'i, ya iso cikin sabuwar Fijo. Tun da aka yi sabuwar jiha aka mai da shi aiki Bauchi, aka ba shi gida mai famfo. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce ya zo tafiya da ita ne, a rufe gidan nan. An gaya masa ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. An kuma gan ta tsaye a bakin rijiya da guga a hannu, ba ta jefa ba, ba ta ajiye ba.

Barira ba ta dube shi ba, don ba ta taɓa duban ɗan fari a ido ba. Sai ta juya wajen maƙwabciyarta, Adda Fanta.

"Adda, gaya wa yaron nan hankalina ƙalau yake. A ɗakin nan aka kawo ni, ba inda za ni. Ya sayo cinyar bijimi, in yi wa 'ya'yansa kilishi. Wadda hankalinta ya tafi ba ta iya wannan aiki."

"Ka dai ji da kunnenka, Bature," in ji Adda Fanta, tana tsokanar Rufa'i. "Tashi ka tafi mahauta, in ba ka manta hanya ba."

Rufa'i ya ce to, zai kwana biyu ya gani.

Da hantsi ta zauna a kan tabarma da wuƙar mijinta, marigayi Malam Inuwa. Ta cire kitse da jijiya, ta riƙa bin tsoka a hankali tana buɗe ta, tana warwarewa, har ta zama fale-fale, hasken rana na ratsa ta. Ko sau ɗaya wuƙar ba ta huda ba. Ta shimfiɗa naman a kan asabari, ta zauna gefe tana korar ƙuda, tana duban shirwar da ke shawagi. Ba ta tuna komai ba. Hannun ne kawai ke aikinsa. Rufa'i na leƙowa daga zaure, ya koma.

Kashegari naman ya bushe ƙayau, sai haɗa labu, kwaɓin da ake tsoma shi a ciki. Ta jiƙa tunkuza, ta daka albasa da citta da kanumfari, ta sa gishiri, ta dama har ya yi sumul. Sannan ta jawo ƙaramin kwano, ta ɗibi labun ta zuba, ta rufe da faifai, ta tura shi inuwa. Sauran ta zuba masa barkono har ya yi ja.

Adda Fanta ce ta fara lura. Ta sunkuyo, ta rage murya.

"Barira, wancan fa?"

Barira ta dubi ƙaramin kwanon. Tun shekarar da gyambon ciki ya kama Malam, likita ya hana shi yaji, haka take ware masa nasa kafin ta sa barkono. Ba ta san lokacin da ta ɗauko kwanon ba.

"Maza juye shi cikin babban," in ji Adda Fanta. "Ga takun Rufa'i nan. Wallahi ya gani, kin zama 'yar Bauchi."

Kwanon na kusa da ƙafarta. Miƙa hannu ne kawai. Barira ta ɗage faifan, ta dubi farin labun, ya kwanta lumui yadda Malam ke so. Ta jira ta ji wani abu, ko kuka, ko kunya. Babu abin da ya zo. Hannun ma da ya yi ta aiki tun jiya, yanzu ya ƙi motsi.

Rufa'i ya shigo yana murmushi. "Iya, ƙamshin nan har zaure. Na janye maganata, in dai..." Sai ya tsaya. "Wannan ƙaramin na waye?"

"Na yara ne, ba sa son yaji," in ji Adda Fanta da sauri.

"Yarana har da tuwo suke cin barkono, Adda."

"Na Malam ne," in ji Barira.

Rufa'i ya cire hularsa, ya sake mayarwa. Adda Fanta ta ja tsaki a hankali, ta kau da kai tana gyara ɗaurin ɗankwali.

Barira ta zaɓi fallen nama biyu mafi kyau, ta tsoma su cikin farin labun, ta juya, ta ɗaga suka tsane, ta shanya su a gefe guda na asabarin, nesa da jajayen. Sai ta koma kan sauran, ɗaya bayan ɗaya, har ta gama. Ta wanke hannu.

"Adda," ta ce, "gaya masa ya nemo kwaɗo mai kyau na ƙofar zaure. Amma ba yau ba. Sai wannan ya bushe, na gasa shi tukuna."

Ta ɗauki faifan ta koma gefen asabarin, ta ci gaba da korar ƙuda.